Yawu a Gindin Bawul

Duk wanda taya ta taɓa yi wa tsiya a hanyar Kurudu ya san Baba Ishaya mai faci, in bai san sunansa ba to ya san tofinsa. Zai cika maka taya da iska, ya zare tiyo, ya tofa yawu a ɗan yatsa, ya shafe bawul da shi tun daga baki har gindi, wato ɗan hancin nan da ake ba taya iska ta cikinsa. Sai ya karkata kai ya zuba ido. In kumfa ta taso, iska na fita ke nan, ba inda za ka, ko da jirgi za ka kama. In ba ta taso ba, ya daki tayar da tafin hannu ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Haka yake yi shekara da shekaru, kuma ba a taɓa dawo masa da ƙorafi ba.

Ɗan Gbagyi ne, a nan Kurudu aka binne cibiyarsa tun garin yana gonakin doya da dawa, shi ma da fartanya ya tashi. To da aka koma mulkin farar hula, sai Abuja ta soma kumbura, ta tumbatsa, ta malalo Karu, ta wuce Jikwoyi, ta zo ta haɗiye gonakinsu. Inda ubansa yake kunyar doya yanzu gidaje ne masu jan kwano da maigadi a ƙofa. Ishaya bai zauna yana kuka ba. Ya duba ya ga abin da ya fi yawa a garin yanzu mota ce, kowace da ƙafa huɗu, ga magina sun watsa ƙusa ko'ina. Ya sayi tsohon injin iska, ya kafa shi a gindin wani mangwaro a bakin titi, ya koyi faci da girmansa.

Matarsa Lucy ta rasu tun da wuri, 'ya'yan da suka haifa kuma Allah bai bar masa ba sai ɗaya, Lydia. Ba shi da inda zai bar ta, saboda haka a gindin mangwaron ta girma. A kan tsohuwar taya take zama ta yi aikin makaranta, warin roba da gam ya kama kayanta, har 'yan ajinsu suna tsokanarta. Yarinyar nan kuwa Allah ya ba ta kai. Ta yi karatu ta zama nas a wani asibiti a Karu, ta auri wani yaro mai hankali, Nathan. Sai haihuwa ta ƙi zuwa. An sha magani, an sha addu'a, an sha baƙar magana daga 'yan uwa, har Lydia ta daina zuwa sunan mutane. Da cikin ya zo daga baya ya zauna, Baba Ishaya bai gaya wa kowa ba, amma duk wanda ya zo faci a watannin nan ya ga tsoho yana waƙar coci shi kaɗai yana bugun rim.

Kafin nan sana'ar ta so ta kuɓuce masa. Motocin da ma'aikatan gwamnati suka koma saye, ko 'yan tokunbo ne, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, suna zuwa da wani ɗan abu baƙi maƙale a gindin bawul daga cikin taya, ana ce masa sensa. Ita ce ke gaya wa mota yawan iskar da ke kowace ƙafa. In iska ta ragu, sai wata 'yar wuta ruwan ɗorawa mai kama da tukunya ta kama a gaban direba. Matsalar ita ce, da zarar an canza taya ko an juya ƙafafu, sai motar ta rikice, wutar ta kama ta ƙi mutuwa, ko ka cika iskar daidai. Mai mota ya dawo yana huci: "Baba, me ka taɓa min?" Me ya taɓa kuwa, bawan Allah? Masu manyan motoci suka riƙa wuce shi suna tafiya wurin manyan makanikai a Apo, suka bar shi da 'yan keke-napep.

Lydia ce ta sayo masa na'urar. 'Yar aba ce da ba ta fi tafin hannu ba, launin lemo, da ɗan guntun eriya a ka. Ta zauna ta koya masa. Ka kunna mota, ka danna abin da za ka danna har hon ya yi ƙara sau biyu, motar ta shirya sauraro ke nan. Sai ka zagaya: gaba hagu, gaba dama, baya dama, baya hagu. Kowace taya ka kara na'urar a jikinta kusa da bawul, ka danna, sensar ciki ta farka ta yi magana, hon ya ce "pim", ka wuce ta gaba. Ka gama zagaye, wuta ta mutu, mai mota ya washe baki. Kai, tsohon nan ya ji daɗin abin nan! Ya ɗinka mata 'yar jaka yana ratayawa a wuya. Masu shayi da masu gyaran babur na wurin suka sa masa suna Dokta, yana cewa ba ya so, alhali in ba a kira shi da shi ba sai ya ga kamar an rage masa wani abu.

Amma da sharaɗi ta ba shi. Lokacin ana fama da korona, ita kuma nas ce.

"Baba, tofin nan ya isa haka," in ji ta. "Mutane suna ƙyama, wallahi. Mutum ya zo da farar shadda, kana shafa masa yawu a mota? Ga ruwan sabulu a gora, ga na'ura. Ka yi min alkawari."

Ya yi mata. Ita kaɗai ke gare shi, me za ta roƙa ya hana? Da farko yana amfani da ruwan sabulun. Sannu a hankali, da ya ga hon yana amsawa, wuta tana mutuwa, sai gorar ta koma gefe ta bushe. Shi ne ma ya riƙa gaya wa Lydia, lokacin da ta sayi 'yar jif ɗinta mai ruwan toka tana koyon tuƙi: "In dai wutan nan bai kama ba, ki tafi abinki, taya lafiya yake." Haka Hausarsa take, namiji da mace duk ɗaya, kuma kowa na ganewa.

Ranar wata Asabar da hantsi ta kawo masa motar. Cikinta ya yi nauyi, da ƙyar take fitowa daga bayan sitiyari. Za ta Paikon Kore, can bayan Gwagwalada, wurin uwar mijinta, gobe ana godiyar kaka a cocinsu, tsohuwar kuma ta matsa tana son ganin cikin da idonta. Nathan yana Kaduna wurin aiki. Tayar gaba ta dama ta suɗe, ta sayo sabuwa a sa mata.

Ya ɗaga motar, ya kwance ƙafar, ya sa liba ya ɓanɓare tsohuwar taya daga rim, ya jefar da ita gefe, ya ɗora sabuwa ya cika. Da yake uba ne, bai tsaya nan ba. Ya buɗe but ya ciro safaya, ya ƙara mata iska, ya jingine ta a jikin motar, daf da ƙafar da ya gyara, kafin ya mayar. Sannan ya ciro na'ura daga jaka ya soma zagaye. Gaba hagu, pim. Gaba dama, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ya ɗan matsar da hannu, ya juya eriya nan da can, sai ga pim. "Batir ɗinki ya fara sanyi," ya ce wa na'urar, ya wuce. Wuta ta mutu. Ya mayar da safaya cikin but.

Da ya sunkuya zai ɗaura murfin bawul ɗin sabuwar tayar, yawu ya taru masa a baki da kansa, kamar yadda ya saba. Ya ɗago ya ga Lydia tana kallonsa tana murmushi. Ya haɗiye abinsa, ya daki tayar, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ta jefa wayarta cikin jaka, ta jefa jakar kujerar baya, don ita ba ta taɓa waya in tana tuƙi, ta ja mota ta tafi.

Ya yi faci biyu ko uku bayan tafiyarta. Sai wani Alhaji Lukmanu ya iso, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, mutum mai tsabta da tsare gida, wutar motarsa ta kama yana so a kashe masa. Baba Ishaya ya ce masa ya ɗan dakata, bari ya kawar da tsohuwar tayar Lydia daga hanya. Ya tayar da ita ya gara. Sai ya ji ƙwal, ƙwal, ƙwal, wani abu yana yawo a ciki. Ya zura hannu ya ciro.

Sensa ce. Ta karye daga wuyanta, karayar sabuwa fil, ga shatin liba a jiki.

Ya tsaya da ita a tafin hannu yana kallo. In sensar tayar gaba ta dama tana nan a hannunsa, to wa ya amsa wa na'ura ɗazu? Safaya. Safayar da ya jingine a wurin, ita ta farka ta yi magana, motar ta ɗauke ta a matsayin ƙafar gaba. Yanzu tana kwance a but, cike da iska, tana gaya wa Lydia komai lafiya. Ita kuwa ƙafar gaban ba mai magana da yawunta. Kuma ƙarfin da ya karya sensa daga wuya ba zai bar gindin bawul da lafiya ba, wannan ko a mafarki ya sani. Iska tana fita a hankali. Taya mai ƙarancin iska in ta hau babban titi da gudu, zafi take ɗauka, gefenta ya yi laushi, ta fashe. In ta baya ce, mutum ya iya tsira. Ta gaba kuwa fizge sitiyari take daga hannun ƙato, balle mace mai tsohon ciki da ba ta daɗe da koyon tuƙi ba. Ya ga irin rim ɗin da ake kawo masa bayan haka, a lanƙwashe kamar murfin kwano.

"Yesu," ya ce. "Yesu, na kashe yarinya na."

Ya kira wayarta. Tana shiga, ba a ɗauka. Ya sake, ya sake, yatsansa yana zamewa a kan gilashin saboda gumi. Ya kira Nathan, ya rasa ta inda zai fara, sai ihu yake, "Ka kira matarka! Ka ce ya tsaya!" Nathan ya ce, "Baba, me ya faru? Baba, yi magana mana!" Ya kashe ya fita titi da gudu yana ɗaga wa 'yan acaɓa hannu, ya manta sarai cewa ba a barin babur ya shiga cikin gari, iyakarsa Karu.

Alhaji Lukmanu ne ya riƙo shi ta baya. "Baba, lafiya? Ka yi min bayani."

Ya buɗe masa tafin hannu, ya yi bayanin a birkice. Alhajin bai gane rabin maganar sensa da safaya ba, amma ya gane 'ya, ya gane ciki, ya gane tayar gaba. Ya ce, "Innalillahi. Shiga mu je." Mutumin da ko direbansa ba ya bari ya shiga motar da takalmi mai ƙura, ga shi ya buɗe wa mai faci gidan gaba, da baƙin mai da komai.

Abuja kuwa ba ta san ana sauri ba. A gangaren Kugbo suka tarar da gosulo, wata tirela ta mutu a tsakiyar hanya, motoci sun yi cirko-cirko, masu tallan ruwa da burodi suna yawo a tsakani hankali kwance. Baba Ishaya ya kama murfin ƙofa zai fita ya ruga da ƙafa. Alhaji ya danna makulli. "Ina za ka? Gwagwalada za ka da ƙafa? Zauna, Baba, ci gaba da kira." Ya zauna yana kira, yana dukan gwiwarsa da hannun da ke riƙe da sensar, har ƙarfen ya yanke shi bai ji ba. Yana ta lissafi a zuci, in gosulon nan ya riƙe su to ita ma ya riƙe ta, sai kuma ya tuna duk tsayuwar da ta yi iska ce ke ƙara fita. Ko ta ina ya juya lissafin ba ya yi masa daɗi.

Abin da ya fi cin ransa shi ne maganarsa ta kansa. Shi ya ce mata in wuta ba ta kama ba ta tafi abinta. Yarinya mai jin magana ce, tun tana ƙarama. Da ma mai taurin kai ya haifa!

Da suka hau titin filin jirgi, Alhaji ya taka mota yadda bai taɓa takawa ba, bakinsa yana motsi da salati, Baba Ishaya a gefensa yana kiran Yesu, ba wanda ya ce wa wani ya rage murya. Suka wuce Lugbe. Duk mota mai ruwan toka da suka hango sai tsoho ya miƙe zaune, in suka cim mata ya koma ya lafe. Ashe rabin motocin Abuja ruwan toka ne, bai taɓa lura ba sai ran nan.

Kafin mahaɗar Giri suka hango taro a gefen titi, mutane sun ɗora hannu a ka. Wata jif mai ruwan toka tana kwance a rami, ƙafafu a sama. Baba Ishaya bai jira mota ta gama tsayawa ba, ya buɗe ya faɗa, ya ƙuje gwiwa a kwalta, takalminsa ɗaya ya fice, ya tashi ya kutsa cikin mutane. Bai kalli gilashi ba, bai kalli wanda ake cirowa ba, ba zai iya ba. Tayar gaba ta dama ya kalla. Tsohuwa ce, ta suɗe, ba wadda ya ɗaura da safe ba ce. Ya ji wani daɗi ya tsarga masa har ƙafa, nan take kuma kunya ta rufe shi, don ga wata mata zaune a ƙasa tana kiran sunan wani. Ya juyo yana ɗingishi ya koma mota, bai ma nemi takalmin ba.

"Ba ita ba ce?" in ji Alhaji.

"Ba taya na ba ne. Mu je, Oga, don Allah mu je."

Suka miƙi hanyar Gwagwalada, inda tireloli ke gudu kamar an koro su. Ba su yi nisa sosai ba ya ga ganye a kan kwalta, reshe ɗaya, can gaba wani, irin wanda direbobi ke karyowa su jera in mota ta lalace. Gaba da ganyen, ga jif ɗin Lydia a gefen titi, a tsaye a kan ƙafafunta huɗu.

Tana durƙushe a gaban tayar dama, a karkace saboda cikin, hannu ɗaya ya dafe mota, zanen cocinta sabo yana jan ƙasa. Ta kwance murfin bawul. Yana isowa ya ga ta kai ɗan yatsa baki, ta tofa, ta shafa a bakin bawul ɗin, ta karkata kai ta zuba ido. Ko karkata kan irin nasa ne.

Ta ɗago ta gan shi. "Baba? Me ya kawo ka nan?" Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba da ɗan haushi. "Ka ga wutar ba ta kama ba fa, har yanzu ba ta kama ba. Amma tun Lugbe sitiyari yake ja na dama, ina ta cewa ai Baba ya ce in wuta ba ta kama ba in tafi. Sai na ji warin roba, irin na gindin mangwaro, na ce a'a."

Ya zube a gabanta ya dafa tayar, ya janye hannu da sauri. Zafi kamar an sauke tukunya. Tayar ta kwanta sosai, gefenta ya yi tamoji, har wani dogon layi ya fito inda robar ta soma rabuwa. Da ta ƙara ko 'yar tafiya kaɗan, shi ya san sauran. Motar tana kunne, ta gilashi yana hango gaban direba tas, ba wuta ko ɗaya.

"Na tofa a baki, ba kumfa," in ji Lydia. "To ta ina take fita?"

Ya nuna mata gindin bawul da ɗan yatsa.

"To tofa mana mu gani, Baba. Na janye alkawarin, tofa abinka."

Ya tattara baki. Ya motsa harshe, ya haɗiya, ya sake gwadawa. Babu. Tun daga Kurudu bakinsa ya bushe ƙaƙas, ko ɗigo bai samu ba. Lydia ta tsaya tana kallonsa, sai a lokacin ta ga ƙafa ɗaya ba takalmi, ta ga gwiwa tana jini, ta ga Alhajin da ba ta sani ba tsaye a baya yana share ido da hula. Ta kama hannun da ya dunƙule, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ga karyayyar sensa ta nutse a cikin naman tafinsa.

Ta juya ga tayar. Ta tofa a nata yatsan, ta shafa inda ya nuna. Kumfa ta taso, ƙanana, suna fashewa wasu na biyo su. Baba Ishaya ya kifa goshinsa a kafaɗar 'yarsa, a nan bakin titi tireloli suna wucewa, ya fashe da kukan da ko ranar da aka binne Lucy bai yi irinsa ba.